Shekarar da Na Hana Baba Ciyayya

Rana ɗaya aka gano wa Baba da amininsa ciwon hanta, irin wanda likitoci ke kira nau'in C. Sun je ba wa wani maƙwabci jini ne, aka auna aka ce na duka biyun ba zai yiwu ba. Aminin Babarbare ne, ɗan kasuwa, rikici ya koro shi daga Borno ya sauka kusa da mu a unguwar Madaki. Baba kuwa Bafillace ne, don haka ko gaisuwa ba sa yi sai da tsokana.

A lokacin ƙwayoyin maganin cutar na yanzu ba su iso mana ba, kuma Baba, Allah ya jiƙansa, bai kai ga ganinsu ba. Allura ce duk mako, kusan shekara guda, mai saukar da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Tare suke zuwa asibiti, tare suke dawowa suna rawar sanyi. Bayan 'yan watanni aka sake awo. Ƙwayar cutar ta ɓace a jinin aminin, a na Baba tana nan daram.

Ni ce babbar 'ya, kuma Allah ya yi ni da son gano mai laifi. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Magani ɗaya, likita ɗaya, me ya rage in ba ganganci ba? Zargina ya faɗa kan ciyayya. Bayan magariba magidantan layinmu kan fito da kwanukansu ƙofar gida su ci tare, can kuwa idona ba ya kaiwa. Man shanu ne, kitse ne, ko wani jiƙo ake miƙa masa, oho. Ban ma tsaya na tuna hannun aminin na cikin kwanukan nan ba.

Na tattaro kayana daga unguwar Barunde, inda nake aure, na tare a gida, na hana fitar da kwanon Baba. Mutumin da bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba ya koma cin tuwo da miya marar mai a ɗaki, yana jiyo dariyar abokansa ta katanga. Aminin ya zo roƙo, cikin wasa ya ce in ƙyale Baba, jikin Bafillace ne, fulako, kunyar nan ta Fulani, ya hana shi karɓar magani. Ko murmushi ban yi ba. Har aljihun Baba na riƙa lalubewa, ina shinshina kofinsa.

Wata rana na tsare shi. "Baba, don Allah ka faɗa mini gaskiya, me kake sha a ɓoye?"

"Uwata, ban taɓa yi miki ƙarya ba."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ban yarda da shi ba, kuma ya ga haka a fuskata. Wannan har yau yana ci mini rai.

Da allurar ta ƙare cutar ba ta tafi ba, na bi shi wurin likita da niyyar kai ƙara. Likitan ya bari na gama zuba, sannan ya yi mana bayani a hankali. Ya ce allurar garkuwar jiki take tasarwa don ta yaƙi cutar, garkuwar kuma kowa da irin wadda ya gada daga iyayensa. Wani jikin yakan amsa, wani ya yi shiru, ko da mutum bai tsallake allura ko ɗaya ba. Ya ce bai ga alamar Baba ya karya wata doka ba.

Kunya ta rufe ni. Na sunkuyar da kai ina jiran Baba ya juyo ya dube ni, ina haɗa kalmomin neman gafara. Sai na ji ya gyara zama.

"Likita, wannan abin da ka ce gadonsa ake yi, ita ma na ba ta?"

Likitan ya ce ba cutar yake nufi ba, yanayin garkuwar ne, kuma mai yiwuwa ne na ɗauko wani abu daga nasa.

Baba ya juyo gare ni. Kafin na buɗe baki ya riga ni.

"Ki yafe mini, uwata."