Sunan Ɗan Fari

Wata ɗaliba Bajamushiya ta sauka gidanmu a Jabo lokacin girbin gero, ta zo koyon Hausa. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Kira mini wancan." Baƙuwar ta lura, abin ya tsaya mata a rai.

Ran nan mata sun cika tsakar gida suna sussuka, na shigo ɗaukar buhu. Sai baƙuwar ta kamo hannuna ta ja ni gaban turmi, da Hausarta ta littafi ta ce, "Inna, faɗi sunansa. Ba kya son sa ne?"

Taɓare suka tsaya cak. Gwaggona ta tuntsire da dariya. Inna ta ja zane ta rufe fuska, ta ce, "Ɗiyag ga, mi niy yi miki?" Ni kuwa, ƙato da gemu, na rasa inda zan sa idona.

Baƙuwar ta koma ƙasarsu tana tausayina, ban gyara mata ba. In ce mata Inna na so na? Da wane baki?