Fuskar Babanmu a Jikin Taga

Jiya na tsaya a bayan ofishin kwalejin su ƙanwata Hadiza ina kallon fuskar babanmu. An buga masa ƙusa huɗu, an toshe fasasshiyar taga da shi.

Hadiza ce ta zana shi a kan katako: marigayi a rumfarsa ta fawa a kasuwar Garwa, yana murmushin nan nasa. Wata uku ta yi tana aikin, kuma daga ka, don ba mu da hotonsa mai kyau.

Ranar bikin nuna ayyukan ɗalibai, zanen ya zo na ɗaya. Manya suka yi jawabi da Faransanci, aka tafa, darakta ya roƙi a bar shi a makaranta, wai abin alfaharinsu ne.

Sati uku ke nan da yin bikin. Ruwan sama ya riga ya wanke rabin fuskar.

Na ce wa tsohon da ke gadi, "Baba, wa ya yi wannan aiki?"

Ya ce, "Ni ne, ɗana. Iska ta fasa gilashi, aka ce in nemo katako a sito. Wannan ya fi sauran kauri."

"Ba ka ga mutum a jiki ba?"

"Na gani. Shi ya sa na juyo fuskar waje. A sito ba mai kallonsa."

Na ciro shi, na kawo gida na ɓoye. Har yanzu Hadiza na zaton yana rataye a ofishin darakta.

Jama'a, da ku ne, da wane baki za ku gaya mata?