Lado Mai Unguwar Ƙwari

A shekarun nan na tamanin, in ka je Ɗansoshiya ka ce kana neman Lado, sai an tambaye ka wanne, don Lado uku ne a garin. Amma da ka ce Mai Unguwar Ƙwari, za a yi dariya tukuna, sannan a nuna maka ƙofar gidan.

Manomi ne, gonarsa ba ta fi ta kowa ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne sanin dangantaka. In ana maganar aure ko rabon gado aka rikice kan wane ya haifi wane, shi ake aika wa. Zai tanƙwashe ƙafa ya ɗauko maka zance tun daga kakan kakanka da ya taso daga Bebeji da jaki ɗaya, har ka gaji ka ce ka yafe. Ba ya ƙari, ba ya ragi, kuma in ya fara ba ya tsayawa a rabi, ko da ƙarshen zancen ba zai yi wa mai gida daɗi ba.

Da daminar 1984 wani malamin binciken ƙwari ya zo daga Zariya zai shiga dajin Falgore, yana neman ɗan rakiya mai juriyar tafiya. Aka haɗa shi da Lado. Ashe bawan Allah ba giwa ya zo gani ba. Ƙananan faɗa-wuta yake kamawa, 'yan mitsi-mitsin nan masu fiffike da in ka murje su sai su bar maka gari a yatsa. Lado ya raina aikin ƙwarai, har ranar da malamin ya miƙa masa gilashin ƙara girma, ya nuna masa guda biyu da ido ke cewa abu ɗaya ne. Ya ce masa gidansu ba ɗaya ba ne. Ba a launi ake ganewa ba, a ƙirar fiffike ne, da baki, da yadda tsutsarsu ke cin abinci. Kowanne yana da gida, gida yana da dangi, dangi suna haɗuwa a kaka.

Shi ke nan, an sosa wa Lado inda yake masa ƙaiƙayi.

Malamin ya koma ya bar masa gilashin. Sunayen da ya koya masa masu karya harshe ne, don haka Lado ya watsar ya raɗa nasa. Akwai Mahuda, masu launin busasshen kara da siririn fiffike mai geza. Su tun daga gona suke biyo zangarniya, tsutsarsu ta shige ƙwayar dawa guda, ta cinye cikinta, ta fito ta bar ɗan rami. Akwai Masaƙa, masu launin toka, waɗanda suka fi son buhu, gyaɗa ko hatsin da aka riga aka sussuke, tsutsarsu ta yi ta saƙa yana har ƙwaya ta dunƙule. Akwai kuma asu maciya bargo, da wasu gidaje bakwai da ba na jin akwai wanda ya taɓa sauraronsa har ya kai ƙarshensu.

Ya tara kwalayen ashana fiye da ɗari, kowane da gawar ƙwaro a soke da ƙayar aduwa. Da abin ya yi nisa sai ya shiga kiwo. Ya riƙa ajiye tsutsa a tsofaffin buhuna a zaure, da ɗan hatsi a ciki, wai don ya ga abin da za ta zama. Matarsa Maimuna ta yi magana har ta gaji. Ta ce mazan mutane na kiwon raguna, nata yana kiwon abin da ake kashewa da tafin hannu. A bakin masallaci kuwa, tambayar kullum ita ce ya talakawansa suka kwana, kuma yaushe ne sunan jikan Masaƙa. Yakan yi murmushi, amma abin na cinsa. Shekara tara ba wanda ya taɓa tambayarsa da gaske.

To, akwai Ɗahiru, ɗan wan babansa, gida a jikin gida. Akwai kuma Dikko, makiyayi mai ruga a bayan gari, wanda yake ɗan noma. Duk kaka Dikko zai kawo dammunan dawarsa ajiya a rumbun Ɗahiru, shanunsa su kwana biyu a gonar Ɗahiru su zuba taki, sannan ya kora su kudu wajen Falgore cin rani. Haka iyayensu suka yi, haka su ma suka taso suna yi.

Da bazarar 1993 Ɗahiru ya buɗe rumbu zai ɗauko buhun irin da ya sussuke ya ajiye. Yana ɗaga murfi sai ƙwari suka yi masa buɗus a fuska. Irin ya dunƙule, ya zama tsutsa da yana. Ɗahiru mutum ne mai saurin hawa. Nan take ya ce dawar Dikko ce ta kawo masa annoba, ya fitar da dammunan ya jibge a ƙofar gida, ya aika ruga. Dikko, wanda bai fi kwana uku da dawowa ba, ya zo ya tsaya da sanda a wuya, kansa a ƙasa don kunya. Ɗahiru ya faɗa masa a gaban mutane ya kwashe kayansa, ajiya ta ƙare, taki ma an gode.

Wani ne cikin 'yan kallo ya ce, don neman dariya, a kira Mai Unguwa mana, ai talakawansa ne suka yi ɓarna. Lado kuwa ya zo da gilashinsa, fuska ba wasa.

Ya zari zangarniya daga dammunan Dikko ya duba, ya zari wata. Ya ce akwai ramin Mahuda nan da can, amma wannan ko rumbun liman aka buɗe za a samu. Sannan ya kama ɗaya daga cikin masu tashin, ya sa Ɗahiru ya leƙa gilashin da kansa, ya nuna masa yanar da ta ɗaure irin. Ya ce wannan aikin Masaƙa ne, kuma ba zangarniya suka biyo ba, a buhu suka shigo. Kowa ya san Dikko bai taɓa kawo buhu ba.

Ba wanda ya yi dariya. Wallahi daɗin da Lado ya ji a lokacin nan bai ji shi ba ko ranar aurensa.

Sai Ɗahiru ya ce, to in ba Dikko ba ne, daga ina suka fito?

Lado ya juya buhun don ya ƙara nuna gwaninta, sai idonsa ya faɗa kan wani faci shuɗi a gindinsa. Ƙyallen tsohuwar rigarsa ne, ɗinkin Maimuna. Buhun kiwonsa ne da ya ɓata daga zaure tun kaka, ashe matar Ɗahiru ce ta zo aro, Maimuna ta kakkaɓe ta ba ta. Ba wanda ya lura. Da ya ce iska ce ta kwaso su daga kasuwa, da an yarda, don yau duk abin da ya faɗa yarda ake yi. Amma ya ga Ɗahiru ya sake hararar dammunan, ya ga Dikko har yanzu kansa a ƙasa. In zancen ya tsaya a rabi, zargin zai koma inda ya fito.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, wannan ɗan gidana ne. A zaurena aka haifi kakansa, ni na yi renonsa."

Kai, dariyar da aka yi ranar, har mata sai da suka leƙo ta katanga. Ɗahiru ya zazzaga masa faɗa son ransa, har numfashinsa ya ƙare. Daga nan ya juya ya ga Dikko. Da kansa ya ɗauki damin farko ya mayar, yana cewa, "Dikko, ka yafe mini, na yi gaggawa." Dikko ya ce babu komai, ya kama masa na biyu.

Lado ya raba irinsa biyu ya kai wa Ɗahiru rabi, don haka rabin gonarsa ya kwana babu shuka a shekarar. Maimuna ta tattara buhunan zaure ta cinna musu wuta. Kwalayen ashana kawai Lado ya roƙa aka bar masa. Tsokana kuma ta dawo sabuwa, har da ƙari: in ya doso gida sai a ce a ɓoye buhuna. Sai dai tun daga lokacin, mutane kan kira shi ya leƙa rumbu kafin a rufe, suna yi kamar wasa suke.

Da kaka ta zagayo, wata safiya Lado ya fita gona ya tarar da shanu kwance a ɓangaren da bai shuka ba. Bai roƙa ba, ba a kuma taɓa yi masa haka ba. Dikko na zaune a gindin ɗorawa, ya ce bana nan za su fara kwana kafin su wuce gonar Ɗahiru. Lado ya buɗe baki zai yi godiya, sai ya fasa, ya zauna kusa da shi ya tambaye shi sunan uwar wancan bijimin.