Wankin Yakutu

Ban taɓa ganin yakutu da idona ba, kuma na tabbata Iya, kakata ta wajen uba, ita ma ba ta taɓa ganinsa ba. Amma a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Tafoki, babu yaron da bai san halin wannan dutse ba. Da an ci tuwo an yi sallar isha'i, sai mu kewaye murhunta, tana tura karan dawa cikin wuta tana ba mu tatsuniya. Ni ne marar zama wuri ɗaya. In tashi, in tsokani wuta, in katse ta da tambaya, har sai ta ce, "Maigida, in ba ka zamna ba, miji zan sake." Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta mai rake. Manomi ne a bakin rafi. Wata rana ya goya wani tsoho matafiyi ya haye da shi ruwa, tsohon ya saka masa da ɗan dutse kamar ƙwayar wake, ja wur. Iya ta ce jansa irin na jinin tantabara ne, magagarin maƙeri ba ya cinsa, ko an naɗe shi cikin tsumma bakwai sai haskensa ya fito. Babban sirrinsa kuwa shi ne, idan masifa ta doso mai shi, sai ya dushe ya yi baƙi.

Wata damina rake ya yi kyan da bai taɓa yi ba, sai dutsen ya fara dushewa. Matar manomin ta roƙe shi su koma tudu. Ya ce datti ne kawai. Ya dirje shi da toka, ya jiƙa shi a ruwan tsamiya, ya goge da lemun tsami, dutse sai ƙara baƙi yake. Matar ta kwashi yaranta ta tafi. Ba a yi mako ba ruwa ya zo ya share gidan da gonar da mai su.

A nan nake hasala. Na ce mata ai wannan wawa ne, an ba shi mai gargaɗi a hannu ya tsaya wanki. Iya ta zuba toka a kan garwashi, ta ce, "Ba wawa ba ne. Shina da rake." Na sha kwanciya ina juyi a tabarma, ina jin haushinta da na mai raken.

Yanzu ina zaune a garin Ƙanƙara da iyalina. Tun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu, gidaje sun yi ta watsewa, namu ma saura Iya da ƙanin mahaifina. Watan jiya na hau babur na je ɗauko ta. Na same ta tana ba awakinta dusa, ta tsufa ƙwarai amma bakin yana nan. Ta ce sai an yanke dawa, sai akuyarta ta haihu, kuma wa zai riƙa share kabarin Malam, wato kakana. Raina ya ɓaci, na tuna mata tatsuniyarta, na ce ita da bakinta ta koya mana.

Ta kalle ni ta ce, "Kana zaton ban gani ba? Dutsen ya yi baƙi tun bara, Maigida. Shi ma mai raken ya gani. To in tahi in zama mi a can?"

Na yarda da a bari sai kaka, na dawo ni kaɗai da ƙullin daddawar da ta ba ni.

Shekara da shekaru na ɗauka labarin a kan rashin hankali yake. Ashe a kan mutumin da ya gani sarai ne, amma abin da zai bari ya yi masa nauyi. Ina jin tausayinsa yanzu, kuma tsoro nake ji, domin ban san inda labarin Iya zai tsaya ba. Ba na iya zama a shagona, abinci ba ya mini daɗi. Kullum da safe nakan kira wayar ƙanin mahaifina ya miƙa mata, ta zage ni, in ji sanyi.

Yau kwana uku wayar ba ta shiga. Ɗazu matata ta tambaye ni labarin Iya, na ce mata ba komai, matsalar sabis ce, ai haka yake yi da damina. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa, na gane wankin da nake yi. Na tashi na ɗauki makullin babur.