Injiniya da Katifa Bakwai

Yayana shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ya kuma nace har sunan ya bi shi. Da can gyaran rediyo yake yi a bakin titi. Rana ɗaya ya tattara kayan gyaran ya ce shi Allah ya yi masa baiwar kunne, ba zai ƙare rayuwarsa yana leƙen cikin akwatin mutane ba. Ya sayo kwamfuta da makirufo da wasu lasifika biyu na hannu, kowace ta kai masa ƙugu, ya kafa su a ɗakin bayan gida, ya ce daga yau sunan wurin situdiyo.

Sai dai ɗakin ba nasa ba ne shi kaɗai. Anti, matarsa, katifa take sayarwa, kuma nan ne ma'ajiyarta tun kafin lasifika su zo. Katifu a jingine da bango uku, Yaya a tsakiya kan kujera mai juyawa, kamar ƙwai a cikin auduga.

Aikinsa shi ne mawaƙi ya zo ya rera, shi kuma ya haɗa muryar da kiɗa, ya ɗaga wannan ya sauke wancan har kowa ya zauna a gurbinsa. In ana gaskiya, a cikin ɗakin nan babu abin da ya kai waƙar Yaya daɗi. Ni kaina, da nake ƙanwarsa kuma ba na raga masa, na sha zama tsigar jikina ta tashi. Amma waƙar nan tana tsallake bakin ƙofa sai ta zama wata aba daban. Wani direban tasi ya sa ɗaya a motarsa, ya dawo yana cewa fasinja sun toshe kunne, sautin kamar ana soya abu a mai. Bayan wata guda mai aski ya sa wata a shagonsa, ya ce ita kuma ba ta da jini ko kaɗan, kamar mawaƙin ya kwana uku bai ci abinci ba.

Ko a jikin Yaya. «Lasifikarku ce ba ta da tarbiyya,» in ji shi. «Wanda yake son jin waƙa ya zo inda aka haife ta.» Har akwai mawaƙin da ya riƙa kawo abokansa gidanmu layi-layi, don nan kaɗai ne wurin da ba a yi masa dariya.

Shekara shida ana haka, mawaƙa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Tela, wani mai ɗinki da ke waƙa tsakanin riga da riga. Shi ma haƙurinsa ya zo wuya. Ya ce wannan ce ta ƙarshe, in ba ta yi daɗi a rediyon shagonsa ba, zai nemi wani. Anti tana jin haka ta ajiye tsintsiya.

«Baban yara, na yi haƙuri iya haƙuri. In waƙar Tela ta yi kyau a waje, ɗaki naka ne, ba zan ƙara magana ba. In ta dawo kamar sauran, ka kwashe akwatunanka, ina da kaya a hanya.»

Ya amsa da ƙarfinsa cewa ya yarda. Ɗakin nan shi ne kaɗai abin da ya sa ake ce masa Injiniya.

Ni na gano bakin zaren, kuma da na sani na yi shiru. Ina taya Anti fitar da kaya sai na lura cewa in ɗakin ya cika da katifu, magana takan mutu a bakinka, in kuma an sayar da su, ko tari ka yi sai bango ya amsa. Ashe in katifu sun yi yawa suna shanye siririn sauti, sai Yaya ya yi ta ƙara shi har ya zama suyar da direba ya ji. In ɗaki ya zama wayam, ganga ta cika shi da ruri, sai ya yi ta rage ta har waƙa ta rame. Shekara shida kasuwar Anti ce ke haɗa masa sauti.

Na faɗa masa. Ya buɗe kwamfuta, ya nemo waƙa ɗaya tak da ba a taɓa dawo masa da ita ba, ya duba ranar da ya yi ta, ya je ya titsiye Anti sai ta tuna katifa nawa ke ɗakin a makon. Ta ce bakwai, don dai ya ƙyale ta. Mai hankali da ya ji wannan sai ya ce bari in riƙa gwada waƙa a waje. Yayana kuwa doka ya kafa, katifa bakwai ba ƙari ba ragi. Washegari wata mata ta zo sayen biyu don ɗakin baƙinta, ya tare ƙofa ya ce waɗannan kayan aiki ne. Haushi ya kama ni.

Anti ta bari ya fita sayen igiyar makirufo, ta kira mai wani masauki da ya daɗe yana neman katifu, aka loda bakwai ɗin duka a mota. Yaya ya dawo da rana tsaka ya tarar da bango tsirara, ga Tela zai zo jibi.

Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya zauna, ya kunna waƙar Tela, ɗaki ya ɗauki ruri, ya kai hannu zai rage ganga, ya janye hannun. Ya daina yarda da ɗakin, kuma bai san da me zai yarda ba. Ko ƙofa bai tuna ya rufe ba, shi da ke rufe ta har da cusa tsumma a ƙasa. Tausayinsa ya kama ni duk da haushin.

Can sai muka ji muryar Anti daga kicin, cikin ƙarar wanke-wanke.

«Kar ka taɓa gangar nan, lafiyarta ƙalau. Muryar Tela ce ta nutse.»

Ya kalle ni, na kalli silin. Ya ɗaga muryar kaɗan.

«Ƙara. Yauwa. Wannan abin mai cas-cas ɗin kuma ka rage shi, yana shiga mini haƙori.»

Ya rage. Suka yi ta haka har la'asar, ita ba ta leƙo ba, shi bai gode ba. Da aka gama ya zuba waƙar a wayata, muka saurara. Ya sauke girman kai ya tare direban tasin nan, muka zauna a motarsa da gilashi a rufe muna zufa, direba yana kaɗa kai. Ranar alkawari aka sa ta a ƙaramin rediyon Tela, ana taka keken ɗinki, amma kowace kalma ta fito tar. Tela ya rungume Yaya yana cewa kunne dai sai Injiniya, Yaya kuma ya karɓi yabon nan duka bai rage ko ƙwaya ba.

Da muka koma gida, sai ya tsaya a ƙofar kicin yana wasa da makullin ɗakin.

«Wai tun yaushe kike jin irin wannan?»

«Tun waƙar farko. Duk wadda za a dawo maka da ita, ina saninta tun daga nan.»

«Kuma kika zuba mini ido shekara shida?»

Ta goge hannu a zani, ta dube shi ba fushi ba dariya.

«Na faɗa maka sau ɗaya, a shekarar farko. Ka ce in je in duba tukunyata. Ɗaki naka ne, Baban yara, ka ci. Ni zan nemi shago.»

Ta ratsa ta gefensa ta fita tsakar gida, ta bar shi tsaye da makulli a hannu.