Fizibil na Ƙarshe a Hanyar Djougou

Har gobe ba na manta ranar da muka ɗauko gawar Malam Sidi daga Parakou za mu Djougou. Ku masu koyon aiki a garejin nan, ku ajiye spana ku saurara, don na gaji da ganin kuna cusa waya a gurbin fizibil.

Lokacin zafi ne, garejina yana unguwar Titirou a Parakou. Malam ya rasu da safe a asibiti, ya bar wasiyya a binne shi kusa da iyayensa a Djougou. Babban ɗansa, Alhaji Bawa, ya ce tsohuwar motar Malam ce za ta kai shi, ni kuma in shiga tunda ni ke duba ta. Aka kwantar da kujerun baya aka shimfiɗa gawa. An riga an sanar da mutanen can, za a yi salla bayan la'asar.

Ga wanda bai sani ba, motar tana da pompon esans na lantarki, shi ke turo mai daga tanki zuwa inji. Fizibil kuma ɗan siririn ƙarfe ne a kan hanyar wuta. In wuta ta kauce sai shi ya ƙone, sauran wayoyi su tsira.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani rami, mota ta yi tari ta mutu. Na ce da Isa direba ya murɗa makulli, na kasa kunne wajen tanki. Shiru, pompo ba ya kuka. Na ciro fizibil, ya yi baƙi ƙirin. Na sa wani muka wuce. Can gaba wani ramin, ta sake mutuwa. Haka muka yi ta yi, tafiya kaɗan, tsayuwa, gumi. Wayar Alhaji ba ta huta ba, ana ta tambaya ina muke. Ga rana, ga gawa a baya, kowa ya san abin da zafi ke yi, ba mai son faɗa. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Kusa da garin Partago ta sake mutuwa, fizibil ɗaya tak ya rage a aljihuna. Isa ya miƙo mini guntun waya ya ce, "Patoro," wato maigida, "ɗaura wannan mu tafi, kowa haka yake yi."

Na ce, "Kai Isa, kana da hankali kuwa? Ka ɗaura wannan, wuta ta bi waya har tanki, da me za mu isa Djougou? Da toka?"

Sai na tsaya na yi tunani. Ba ta mutuwa sai ta yi tsalle. Na kwanta ƙarƙashin sitiyari na ce su girgiza mota. Ai kuwa na ji ƙas, ƙas. Na zura hannu bayan gidan fizibil, na taɓo wata laya a cikin kube na ƙarfe, rataye da zare. Ta goge wayar pompo har tagulla ta fito, duk tsalle sai ta taɓa ta.

Na ce, "Alhaji, ga mai tsayar da mu. A cire ta."

Ya duƙa ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Baba ne ya ɗaura ta da hannunsa ranar da ya sayi motar. Ba zan kwance ta yana kwance a ciki ba."

Raina ya ɓaci, wallahi, amma ban yi musu ba. Na yanko robar tsohon tiyub na taya na naɗe wayar, na naɗe layar ma tam, na mayar da ita inda take. Na sa fizibil na ƙarshe. Isa ya murɗa, pompo ya yi zuuu. Ramin farko da muka faɗa duk muka ɗauke numfashi, mota ta wuce abinta. Mun shiga Djougou an fito daga la'asar, jama'a tsaye suna kallon hanya.

Abin da na koya ke nan: fizibil ba ya ƙonewa banza, ka nemi abin da ya kashe shi kafin ka sa wani. Kuma motocin mutanenmu ba wayoyi kaɗai ke cikinsu ba, in ka zura hannu ka yi a hankali. Motar tana hannun Alhaji har yau. Duk zuwanta garejin nan nakan leƙa, in robar layar Malam ta tsufa in canza mata sabuwa.