Motar da Ta Sha Rubutu

Cikin ranakun aikina akwai wadda ba ta fita raina: ranar da Nura ya shigo garejina na Ƙofar Marusa da motarsa tana tari. Wata Talata ce da hantsi, tsakiyar bazara. An yi watanni ko ɗigon ruwa bai sauka a Katsina ba. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Nura ɗan wani Alhaji ne mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa. Motar kuwa ba yadda kamfani ya yi ta take ba. An sa mata babban tobo, wato fankar da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. An canza salansa, wato bututun hayaƙi, an taɓa ƙwaƙwalwarta. An kuma cire murfin robar saman inji an jefar, wai don in an ɗaga bonet a wurin wasan mota a ga jajayen kwil ɗin da ya saya, masu ba fulogi wuta.

Ba shi kaɗai ya zo ba. A kujerar baya akwai Baba Iro, maigadin gidansu, tsoho, ya rungume hularsa. Tun kafin a haifi Nura yake gidan. Shi ke goge motar da safe, shi ke zuba mata mai.

Nura ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Oga Lawal, jiya lafiya lau na aje ta. Yau ina taka totur ta kama misin. Tsohon nan ne ya zuba mata man ɗan bumburutu. Ka tabbatar mani kawai, yau ya kwashe kayanshi."

Na ce, "Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau, Malam Lawal." Bai ɗago ba.

"Ka zuba?"

"Ban zuba ba."

Na ga dai akwai magana a bakinsa, ya danne ta.

Ni ban yi boko ba. Abin da na sani shi ne inji abu uku yake ci: mai, iska, wuta. In ya yi misin, wato wata silinda ta daina ƙona rabonta, ɗaya cikin ukun ne ya saɓa. Ana bin su ɗaya bayan ɗaya, ba a tsalle.

Na fara da mai, tunda a kansa ake shari'a. Na zuƙo shi a kwalba, na ɗaga a rana, na sansana. Tas yake. Babu kananzir, babu ruwa.

Na ce, "Mai ba shi da laifi."

Nura ya ce, "To wani abin ya yi mata. Shi kaɗai ke taɓa makullin."

Na koma kan iska. Na bi robobin tobo da hannu, babu wadda ta fashe, babu wadda ta kwance. Muka fita titi. A tsaye tana kaɗawa lafiya. Da tobo ya fara busa sai ta hau shure-shure, salansa na harbi kamar bindigar mafarauta, har wani ɗan acaɓa ya faɗa kwata yana salati. Wannan alamar wuta ce. In iska ta matsu a cikin silinda, tartsatsin fulogi sai ya yi da gaske yake tsallakawa. In ya samu hanya mai sauƙi a waje, can zai bi.

Muka dawo. Na bar inji ya huce, na zare kwil na ɗaya. A bushe. Na biyu, a bushe. Na uku ya fito yana ɗiga. Na leƙa ramin fulogin, ga ruwa kwance.

"Ka kai ta wanki?"

"Ni? Ba mai sa wa injina ruwa."

Ba damina, ba wanki. Ruwan lagireto kuma ba haka yake ba. Wannan baƙi-baƙi ne, yana ɗan danƙo, amma ba baƙin mai ba. Na tsoma yatsa na kai baki.

Nura ya yamutsa fuska. "Haba Oga!"

Na san ɗanɗanon nan. Gawayi da ƙaro. Kakata ta ɗura mini shi har na girma.

Na juya. "Baba, wa ke ba motar nan rubutu?"

Tsoho ya share zufa. "Malam Lawal, na yi rantsuwa."

"Ba kai ka faɗa ba. Fulogi ya faɗa."

Nura ya gane ko aikin wa ne. Nan take ya zaro waya ya kira mahaifiyarsa, ya buɗe murya kowa na ji.

"Hajiya, wai ke ce kike zuba wa motata rubutu?"

"Ni ce. Sai mi?"

"Hajiya, inji ne fa!"

"Na ba ka a kofi ka ce kai ɗan zamani ne. Na ga hoton motsin da kake juyi da ita kamar mai aljanu. Tunda kai ka ƙi sha, ai sai in ba abin da ke ɗauke da kai. Yayyafi nike sa Iro ya yi kullum. Yau da na ji za ka Kaduna, na ce ya juye kwanon duka. Kuma wallahi ka taɓa mani Iro sai ka gane kurenka."

Duk garejin aka kwashe da dariya, har masu facin taya na maƙwabta.

Na karɓi wayar. "Hajiya, barka da hantsi. Lawal ne bakanike."

"Malam Lawal, yanzu addu'a ce ta ɓata mota?"

"A'a. Addu'a ba ta da laifi. Ruwa ne ya shiga ɗakin wuta. Akwai tankin wankin gilashi, shi aikinsa ke nan ɗaukar ruwa. A tace, a sirka, a zuba can. Duk sanda ya danna, a gabansa zai sauka."

Ta ce, "Allah shi yi maka albarka. Ashe akwai masu hankali a gareji."

Na busar da ramin da iska, na goge kwil, na canza robar bakinsa da wuta ta ƙona. Muka sake fita titi. Ta miƙe sumul, ko tari ɗaya.

Da muka dawo Nura ya karɓi makulli zai wuce. Na riƙe ƙofar.

"Saura gyara ɗaya."

Ya gane. Ya je gaban tsoho ya durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri."

Baba Iro ya sa hularsa. "Ba komai. Amma gaba zan zauna."

Gaba ya zauna. Kafin su tafi na nuna masa murfin tankin, mai shuɗi, don kada gobe ya ɗura a na birki.

To ku da kuke shigowa sana'ar nan, ku ji. Mai mota yakan zo da mai laifinsa a hannu, ya ce ka sa hannu kawai. Kada ka sa. Ka bi mai, ka bi iska, ka bi wuta, don abincin wani na iya rataye a ramin fulogi. Ni dai tun daga ranar, in mota ta zo da ciwon da ban gane ba, bayan na tambayi inda aka sha mai, sai na tambayi wa ke tsoron motar a gida.